Bindigar kaka da igwa a jeri ɗaya

Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko na haramtattu ne: igwa, roka, bama-bamai, mashinga da bindigar soja. A cikin wannan jeri mai ban tsoro aka cusa ƙaramar bindigar hannu, har aka ambaci mai ƙanƙara da mai hula da sunansu, don kada wani ya sami kafar zamewa. Ba mai riƙe ta sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Doguwar bindigar toka kuwa, wadda maharba da 'yan bindigar sarki ke saɓawa, tana gida na uku, izinin kwamishinan 'yan sanda ya wadatar.

Mai hular nan ta bakinta ake ɗura mata albarushi da dalma, sannan a kifa wata 'yar hular tagulla a kan hancin da ke gindinta. In an ja kunama, guduma ta doki hular, wuta ta kama. Harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗuri. Wani limamin coci ɗan Sukotlan, Alexander Forsyth, shi ya yi rajistar dabarar tayar da wuta da duka a 1807, kuma Henry Deringer na Filadelfiya ya shahara da ƙera ta aljihu. Da irin tasa aka harbe Shugaba Lincoln ranar 14 ga Afrilu 1865. Tsoron abin da ke ɓuya a aljihu yana da dalili. Amma bindigar da ta kashe Lincoln tana nan a ajiye a gidan wasan Ford, mutane na zuwa kallonta. Amurka ta ware bindigogin da aka ƙera kafin 1899 a matsayin kayan tarihi, dokar Ingila ta 1968 ma ta sassauta wa wanda ya ajiye tsohuwar bindiga don ado.

Babu inda wannan batu ya fi ciwo kamar Jibiya. Hanyar da ta taso daga Katsina ta bi ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi tsohon fagen fama ce. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, tsohon gidan sarauta ya koma Maraɗi, aka kwashe mafi yawan ƙarnin ana kai wa juna hari ta wannan daji. Bindigogin lokacin sun shigo ta Sahara daga Tarabulus, wasu ta kudu daga bakin teku, maƙera kuma suka gyara, suka kwaikwaya. Duk wadda ta saura a akwatin wani gida shaida ce: hatimin gwaji na Birmingham ko Liège da ke jikin ƙarfenta yana faɗin inda ta fito, ɗaurin fatar da ke ƙotarta yana faɗin hannun da ta ratsa.

To, ina magajinta zai nufa da ita? In ya riƙe, mai laifi ne. In ƙirar maƙerin gida ce kafin 1918, dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979 ta hana fitar da ita daga ƙasa ba da izini ba. In ya kai ta ofis, zai ji tsoron a shimfiɗa ta gaban 'yan jarida kusa da AK-47, shi kuma yana tsugune a gefe. Wanda aka matse haka rijiya zai jefa ta, ko ya sayar wa dillali a ɓoye.

Za a ce mutanen Jibiya da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu ba su da lokacin jimamin tsatsa. Gaskiya ne, kuma jami'in kwastan da ya kama makami a kan iyaka aikinsa ya yi. Sai dai ba da bindiga mai harbi ɗaya ake tayar da ƙauye ba, kuma haɗa ta da makamin ɗan ta'adda bai ceci ran kowa ba, lalaci ne kawai irin na mai doka da ya ƙi bambance tsoho da sabo.

Gyaran ba shi da tsada. Majalisa ta ware bindigar ɗuri da aka ƙera kafin 1918 daga jerin haramtattu, a ba magada wa'adin rajista ba tare da tuhuma ba, a toshe hancin kowace. Wadda aka kama a Magama kuma, masanin kayan tarihi ya duba ta kafin a kai ta wuta. Gidan tarihi na Katsina, da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, tafiyar ƙasa da awa guda ce daga shingen.