Cinikin Biri a Sama: Shin Mu Sayi Wasan Rufa-Ido na Barkwanci?

 

Maudu'in yau ya samo asali ne daga wata 'yar taƙaddama da ta taso a zaman reshen ƙungiyarmu da ya gabata. Muna shirin taron ƙaddamar da littattafai na ƙarshen shekara, kuma kowa ya yarda cewa tarukanmu sun cika dogayen jawabai, har baƙi su fara duba agogo tun kafin a zo kan littafin. Sai ɗan uwanmu da ya saba gabatar mana da taro ya ciro wayarsa ya nuna mana wani bidiyon talla. Wani Bature ne a kan dandamali, ya kira mutum daga cikin 'yan kallo, ya karɓi takardar kuɗinsa, ya yi kamar ya ƙona ta bisa kuskure. Mai kuɗi ya yi tsuru-tsuru, jama'a na ta faɗuwa don dariya, daga ƙarshe aka yanka lemon tsami sai ga takardar a ciki. Ana sayar da wasan ne ɗungurungum: kayan aiki, da bidiyon koyarwa, da rubutaccen zancen da za a riƙa faɗa. Shawararsa ita ce a ciri kuɗi daga asusun ƙungiya a saya.

Asusun nan kuwa kowa ya san shi. Karo-karon wata-wata ne na ɗalibai da malaman makaranta da masu ƙananan sana'o'i, wanda da shi ake biyan kuɗin zaure da ruwan sha. Shi ya sa muka ce a dakata mu yi bincike. Ga abin da muka cimma: dabarar rufa-ido ana iya sayen ta, amma dariyar da muka gani a bidiyon ba ta cikin kwalin. Dariya rubuta ta ake yi, kuma rubutu sana'armu ce.

Mu fara da sanin kasuwar. A Turai da Amurka sayar da dabarun rufa-ido tsohuwar sana'a ce. Gidan Davenports na Landan ya fara tun 1898, shagon Tannen's na birnin New York kuma tun 1925. Akwai wata al'ada da ta game yawancin masu wannan harka: ba a mayar da kaya. Hujjarsu ita ce asiri ka saya, kuma da zarar ka buɗe kwali ka gan shi, ba yadda za a yi ka mayar da shi. A ɗaya gefen kuma, bidiyon talla ba zai nuna maka yadda abin yake aiki ba, kuma daren da wasan ya fi armashi shi ake ɗauka a tace a nuna. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Ka biya da dala, ka biya kuɗin dako, ka jira makonni, sannan ka gano ko abin ya dace da hannunka da zaurenka.

To shi kansa asirin, nawa ne darajarsa? A 1997 gidan talabijin na Fox a Amurka ya fara wani shiri inda wani mai rufa-ido da ya rufe fuskarsa yake tona yadda ake yin manyan dabaru ɗaya bayan ɗaya. 'Yan sana'ar sun fusata ƙwarai, amma sana'ar ba ta mutu ba, har gobe mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Tun kafin wannan ma, a 1876, an buga littafin Modern Magic na Farfesa Hoffmann, wanda ya bayyana dabarun kwabo da ƙwallo da hankici da zobe dalla-dalla, kuma yau kyauta ake samun sa a intanet. Ashe asiri shi ne mafi araha a cikin kayan.

Abin da ke da tsada, wata kotu a Amurka ta nuna mana shi. Akwai wani shahararren mai rufa-ido mai suna Teller, wanda ba ya magana a kan dandamali. Yana da wani wasa mai suna Shadows: fure a cikin kwalba, an haska fitila inuwarsa ta faɗa a kan farin allo, sai ya sa wuƙa yana yankan inuwar, ganyen furen na gaske yana zubowa ƙasa. A 1983 ya yi wa wasan rajistar haƙƙin mallaka a matsayin wasan kwaikwayo marar magana. A 2012 wani mai rufa-ido daga Turai ya saka irinsa a YouTube, yana tallar zai sayar da dabarar a kan sama da dala 3,000. Teller ya kai ƙara a jihar Nevada, kuma a 2014 ya yi nasara. Alƙalin ya bayyana cewa dokar haƙƙin mallaka ba ta kare dabarar rufa-ido ita kaɗai ba, amma tana kare wasan kwaikwayon da aka gina a kanta. 'Yan uwa, mu lura da wannan. Abin da doka ta ɗauka a matsayin dukiya shi ne tsarin labari: me ya fara faruwa, me ya biyo baya, a ina aka dakata, a ina aka ƙare. Wannan kuwa shi ne abin da muke kwana muna koya a wannan zaure.

Tarihin Tommy Cooper na Birtaniya, mai jar dara, ya ƙara tabbatar da haka. Da yawa daga cikin kayan wasansa irin waɗanda kowa zai iya shiga shago ya saya ne. Abin da ya ɗaukaka shi har rasuwarsa a 1984 shi ne halin da ya gina wa kansa: ƙaton mutum mai ruɗewa, wanda dabara ke ƙwace masa a gaban jama'a, yana dariyar kansa, sai can ba zato wata ta yi daidai. Dubban mutane sun sayi irin kwalabe da zobban da ya saya. Ba wanda ya zama shi.

Yanzu mu zo kan rubutaccen zancen da ke cikin kwali, wanda masu talla suka fi tinƙaho da shi. Da Turanci aka rubuta shi, domin kunnen Turawa. Ga misali. Akwai wani sanannen wasan barkwanci da ake sayarwa, inda mai wasa ke bin umarnin wata murya da aka naɗa. Muryar ta ce ya ɗauki ɗankwali ya ninke, shi kuwa ya ɗauki ayaba ya shiga ninkewa tana dagargajewa a hannunsa. Dariyar ta dogara ne ga cewa harafi ɗaya ya raba kalmomin biyu a Turanci, wato bandana da banana. Ka fassara shi kai tsaye, ɗankwali da ayaba, sai zaure ya yi tsit, don ba mai hankalin da zai rikita su. Amma da muka zauna muna juya abin a bakinmu, sai wata 'yar uwa ta ce, "Ai abaya da ayaba ne." Nan take kowa ya fashe da dariya. Ka ji muryar tana cewa a ninke abaya a hankali kada ta yamutse, ga malam yana fama da ayaba. Wannan gyara bai ci mana ko sisi ba, kuma babu wani shago a Landan da zai iya sayar mana da shi. Hausa cike take da irin wannan: gari na zama da gari na tuwo, wuya na jiki da wuya ta rayuwa, kuka na ido da kuka ta miya.

Haka nan kayan wasan kansu. Da yawa daga cikin wasannin da ake sayarwa an gina su ne a kan karta ko kwalaben giya. A wurinsu ba komai ba ne. A wurinmu, wanda ya fito da karta a gaban iyaye da malamai, caca za ta fara zuwa zukatan mutane kafin dariya.

Sai babbar magana, wadda ita ce ta fi damun mu: mutumin da za a kira daga cikin 'yan kallo. A bidiyon talla shi ne tushen dariyar. Mu tambayi kanmu, da wa ake dariya, kuma wa ake yi wa? Da yawa daga cikin irin waɗannan wasanni suna cin abinci ne da ruɗewar wanda aka kira: a sa masa hula mai ban dariya, a tambaye shi game da matarsa, a riƙe hannun mace, a mai da shi wawa na minti biyar. A gidan rawar Las Vegas, inda ba wanda ya san kowa, mutum zai sauka ya manta. A taronmu, wanda aka kira yana iya kasancewa surukinsa na zaune a layin gaba, ko ɗalibansa na baya, ga wayoyi sama da ashirin na ɗauka. Kafin ya isa gida bidiyon ya riga shi. Mutumin da ya bar harkokinsa ya zo karrama littafinmu, mu saka masa da zubar da mutunci?

Ba wai Bahaushe bai san tsokana ba ne. Ya san ta sarai, har ya yi mata ƙa'ida. Jika na wasa da kaka, taubashi da taubashi, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan barkwancin dangi na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma a kowane ɗaya akwai alaƙar da ta ba da izini, kuma wanda aka tsokana yana da damar ramawa. Mai rufa-ido da baƙon da ya hau dandamali ba su da wannan alaƙa. Ɗaya ya san duk abin da zai faru, ɗayan bai san komai ba. 'Yan kamanmu na gargajiya ma, in mun lura, kansu suke fara mai da wa abin dariya da zancen tuwo da santi, sannan jama'a su bi su. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce: duk wasan da wanda aka kira ba zai sauka yana jin shi ne gwarzon dare ba, ko kyauta aka ba mu ba ma so. A rubuta shi yadda mai wasa ne zai ji kunya, baƙo kuma shi ne zai ceci lamarin, a hannunsa abin mamakin zai faru, shi za a tafa wa.

Akwai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba. A cikin jama'armu akwai masu ɗaukar duk wani siddabaru a matsayin tsafi, kuma 'yan dabon kasuwa da ke fakewa da shi su sayar da layu ba su taimaka ba. Duk wanda zai yi irin wannan wasa ya faɗa wa jama'a tun farko cewa saurin hannu ne da dabara, babu aljani babu asiri na boka. Wannan ma jumla ce da ke buƙatar marubuci, don a faɗe ta cikin raha ba tare da an kashe armashin wasan ba.

Mu yi wa ɗan uwanmu adalci, domin hujjarsa tana da ƙarfi. Wasan da ƙwararre ya yi shekaru yana gogewa a gaban jama'a yana ɗauke da ilimin da littafi ba ya bayarwa: inda za a tsayar da baƙo, abin da za a yi in ya ƙi ba da haɗin kai, yadda za a fita in dabara ta ƙi. Ga wanda ya mai da gabatar da biki da taro sana'a, yana hawa dandamali kusan kowane ƙarshen mako, sayen irin wannan jari ne, kuma biyan mai ƙirƙira haƙƙinsa ya fi satar fasaharsa daga bidiyo. Mu da ke kuka da masu yaɗa littattafanmu a waya ba izini, mu ne ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Amma ko shi sai ya yi tambayoyi kafin ya tura kuɗi. Shin ya taɓa ganin wasan cikakke ba tare da an yanke bidiyon ba? Ana iya yin sa idan mutane sun kewaye shi ta gefe da baya, kamar yadda muke zama a ƙarƙashin rumfa? Akwai abin da ke ƙarewa a kowane wasa wanda sai an sake odarsa daga waje? Izinin da aka sayar masa ya haɗa da ɗauka a yaɗa, ko kuwa mai shi ya riƙe wannan haƙƙin, kamar yadda wasunsu ke yi? Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to a san ta inda za ta zubar tukuna.

Mu kuwa sau ɗaya a shekara muke taron nan, kuma mai gabatarwarmu bai taɓa ɓatar da ko kwabo a tafin hannunsa ba. A ƙarshe dai ba mu saya ba. Mun ba shi dabara ɗaya mai sauƙi ta igiya daga tsohon littafi, zai yi ta maimaitawa har hannunsa ya saba. Mutum uku daga cikinmu kuma za su rubuta masa zancen minti biyar da Hausa. Za mu fara gwadawa a zamanmu na wata-wata, mu ga inda aka yi dariya da inda aka yi shiru, mu goge mu sake, kamar yadda muke yi wa gajerun labaranmu. Idan ya yi wannan sau goma kuma har yanzu yana sha'awa, a lokacin ya san abin da yake nema a kasuwa, mu ma mun san abin da za mu biya.

Ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A rubuta shafi ɗaya: mai wasa ya kira dattijo daga cikin 'yan kallo, ya ba shi igiya ya riƙe. A sa zaure ya yi dariya sau uku, kuma kada ko ɗaya ta zama a kan dattijon. Za mu ga cewa ya fi wuya fiye da yadda muke zato, kuma wanda ya iya shi ya koyi abin da zai amfane shi a labari da wasan kwaikwayo da rubutun fim.

Muna jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka saɓa da namu. Allah Ya ƙara mana basira, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.