Bashin Bayanin da Muke Bin Ƙaramar Hukuma



Akwai wani ɗan sashe a ƙarshen Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 wanda ya kamata kowane malami a Bagwai ya karanta wa ɗalibansa, ko da sau ɗaya ne a zangon karatu. Jadawali na Huɗu ake kiran sa, kuma a cikinsa aka jera ayyukan da suka rataya a wuyan ƙaramar hukuma. Ba shi da tsawo, amma ya ratsa rayuwar talaka tun daga haihuwa har kushewa. Ya ambaci kasuwa da tashar mota da mayanka. Ya ambaci hanyoyi da magudanan ruwa da kwashe shara, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da maƙabartu da gidajen gajiyayyu, ya kuma ba ta hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya. Sannan, a tsakiyar jerin abubuwan hawan da za ta ba wa lasisi, tare da keke da amalanke da baro, sai ga kwale-kwale.

Mutumin wani gari zai wuce wannan kalma bai ko lura ba. Mutumin Bagwai ba zai iya ba.

Ranar Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin fito ya taso daga Badau zai tsallaka ruwan dam ɗin Watari zuwa Bagwai, ɗauke da mutane fiye da ƙarfinsa, mafi yawansu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke kan hanyar zuwa taron Mauludi. Jirgin ya kife. Gawarwaki 29 aka fara tsamowa. Allah Ya jiƙan su, Ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Mu da aikinmu shi ne kiran suna kowace safiya, mun san nauyin sunan da za a kira a ji shiru. Gwamnatin jiha ta wancan lokaci ta dakatar da fito a kan ruwan, manya sun zo ta'aziyya, gidajen rediyo na gida da na waje sun yi kwanaki suna maganar. Daga nan duniya ta juya ga wani labarin, ruwa kuwa yana nan inda yake, kuma mutanen hayi ba su daina bukatar kasuwa da asibiti da makaranta ba.

Mun yi imani da ƙaddara, ba mu jayayya da ita. Sai dai addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Adadin mutanen da jirgi zai ɗauka abu ne da ɗan'adam ke yankewa. Haka rigar kariya daga nutsewa, haka hana fito bayan faɗuwar rana, haka duba katakon jirgi kafin damina ta cika dam. To, yau jirage nawa ne ke da lasisi a kan Watari? Wa ke tsaye a mashiga yana ƙirga fasinja? Riguna nawa ne a bakin ruwa, kuma nawa ne daga cikinsu suka yi daidai da jikin yaro ɗan shekara bakwai? Mai yiwuwa ne amsoshin su faranta rai. Mai yiwuwa akwai jami'in da ke wannan aiki tsakani da Allah ba tare da kowa ya yaba masa ba. Idan haka ne, a faɗa mana mu gode masa. Abin da muke cewa shi ne, uwar da za ta saka ɗanta a jirgi tana da haƙƙin sanin amsar tun kafin ta bar gida, kuma ƙaramar hukuma ce mafi kusa da ita a cikin duk masu iko. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya tana da nata hurumin, amma ba ta san masu fito da sunayensu ba. Kansila da dagaci da sarkin ruwa sun san su.

Wannan shi muke kira bashin bayani. A ƙasar nan an saba da wani irin labari daga ƙananan hukumomi: an kai ziyarar ban girma, an karɓi baƙuncin wane, an raba kaza, an yi wa wane ta'aziyya. Ba laifi ba ne, zumunci ne. Amma labarin da zai taimaki magidanci ya tsara rayuwarsa daban yake, kuma shi ne ya fi wuyar samu: nawa ne ya shigo, me aka yi da shi, me ya rage, yaushe za a yi.

Haɗarin ruwa tsoho ne a wurinmu. Sabon shi ne wanda ke zuwa da dare a kan babura. Shekaru muna jin labarin 'yan bindiga daga Zamfara da Katsina kamar labarin wata ƙasa, ko da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020. A ƙarshen 2025 sai ga shi a ƙofar gida: an kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, an kashe mutane, an sace wasu, an kore shanu, har wasu iyalai suka bar gidajensu. Shanono kuwa ba nesa ba ce, kujerarmu ɗaya da su a Majalisar Wakilai, kuma da wuya a sami gida a nan da ba shi da dangi ko suruki a can. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake shafa wa naka.

Mun san shugaban ƙaramar hukuma ba shi da soja, kuma 'yan sanda na tarayya ne. Ba ma neman a tona asirin tsaro a bainar jama'a. Amma tsakanin sirri da shiru akwai fili mai faɗi. Shugaban makarantar da ke ƙauyen bakin iyaka ya kamata ya san lambar wayar da zai kira idan ya ga baƙuwar fuska, ya kuma tabbata za a ɗauka. Ya kamata ya san wa ke da ikon cewa a tashi yara, da ta wace hanya saƙon zai iso gare shi. 'Yan sintirin da ke kwana a waje domin mu yi barci, ya kamata jama'a su san wa ya tantance su, wa ke ba su ɗan abin hasafi, kuma wurin wa za a kai ƙara idan ɗayansu ya wuce gona da iri. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa kujerarta. Saƙon murya guda a WhatsApp ya isa ya watse da makaranta kafin tara, kuma yarinyar da aka janye daga aji saboda tsoro ba kullum take komawa ba.

Akwai kuma wani sashe na jadawalin da kusan ba a taɓa jin an ambace shi a taron siyasa ba, wato kula da gajiyayyu. Nan za mu ɗan daɗe, domin abin yana cikin gidajenmu.

Bahaushe ba ya kai mahaifinsa gidan gajiyayyu, kuma ba mu fatan ranar da zai fara. A birnin Kano akwai irin wannan gida a Shahuci, amma kowa ya san na wanda ya rasa kowa ne. A wurinmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa, cikin jikokinsa. Wannan abin alfahari ne. Sai dai alfaharin ya daɗe yana rufe wata gaskiya: jinyar shekara da shekaru aiki ne mai nauyi, kuma kusan kullum mace guda ce ke ɗauke da shi. Idan hawan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki, sai an juya majinyaci dare da rana don kada gyambon kwanciya ya kama shi, sai an wanke shi, an ba shi abinci a baki, an nemi maganin da ba ya yankewa. Mai ciwon suga yana bukatar awo a kai a kai. Tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama tana iya fita da tsakar dare ba ta san inda za ta ba, wasu ma su ce mayya ce ko aljanu ne, alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Matasan da a da za su kama aikin sun tafi Kano ko Kudu neman na kai. Wa ya rage? Suruka, ko 'yar autar gida.

Mu malamai muna ganin ƙarshen wannan zare a cikin rajista. Yarinya mai ƙoƙari ta fara fashin Litinin, sai ta koma zuwa sau biyu a mako, sai ta ɓace. Idan aka bi sawu, ba talla ba ce, ba aure ba ne: kaka ce ta kwanta. Muna kuma ganin sa a tsakanin magabatanmu a wannan aiki, waɗanda suka ba da shekara 35 suna riƙe da alli, yau kuɗin fanshonsu ba ya kai su ƙarshen wata idan an cire na magani. Biyan bashin garatuti da gwamnatin jiha ta fara kashi-kashi tun 2023 ya share hawayen gidaje da dama, mun kuwa yaba. Amma garatuti sau ɗaya ake karɓa, jinya kuwa kullum ce.

Ba ginin gidan gajiyayyu muke roƙo ba. Abin da ya dace da mu ya fi haka sauƙi da araha. A san adadin waɗanda ke kwance a gida a kowace mazaɓa daga cikin goman da muke da su, daga Gadanya zuwa Kiyawa, daga Romo zuwa Rimin Dako. Masu unguwanni za su iya tattara wannan cikin mako biyu. A tsara wa ma'aikatan lafiya na matakin farko ranar zagaye, su auna jini, su duba gyambo, su nuna wa mai jinya yadda ake ɗaga majinyaci ba tare da ta karya bayanta ba. Sannan a faɗa wa mutane abin da doka ta riga ta tanadar musu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta kafa asusun masu rauni, wanda tsofaffi ke cikin waɗanda aka yi dominsu. Jihar Kano ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wadda ake cirar kaso daga albashinmu dominta. Tsoho nawa ne a Bagwai aka yi wa rajista a irin waɗannan tsare-tsare, kuma a wace cibiya? Tanadin da mai shi bai san da shi ba, daidai yake da babu.

Sauran ayyukan ba sai mun tsawaita ba, kowa yana taka su da ƙafarsa: burtsatsen da ya lalace, kwalbatin da ruwa ya cinye har motar tumatir da albasa ta kasa fita daga fadama, masai a makaranta da kasuwa, katangar maƙabarta. Duk mai kasa kaya ran kasuwa yana biyan kuɗin rasit. Ya dace ya ji jimillar abin da aka tara da inda ya tafi.

Me ya sa muke ta da maganar yanzu? Domin ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kawai za su riƙe su, ban da kantomomi. A Oktoban shekarar aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Kano. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, gaskiya ne, amma alƙiblar ta fito. Mu kuwa ba za mu ɓoye ba, ƙungiyarmu ta daɗe tana ɗari-ɗari da wannan 'yanci, kuma da dalili. Manyanmu ba su manta da abin da ya biyo bayan 1991 ba, lokacin da aka miƙa ilimin firamare kacokan ga ƙananan hukumomi, malamai a sassan ƙasar nan suka yi watanni ba albashi, har sai da aka maido da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma idan aka duba da kyau, abin da ya cuce mu a lokacin shi ne kuɗi a hannun da ba ya yi wa kowa bayani. Hukumar da ta saba buɗe littafinta kan rigunan ruwa da burtsatse, da wuya ta yi wasa da albashin malami a ɓoye. Saboda haka wannan kira, ko ta fuskar aljihunmu aka dube shi, namu ne.

Shawararmu ga mai girma shugaban ƙaramar hukuma da kansilolinsa ita ce a fitar da takarda guda duk bayan wata uku, da Hausa, cikin boko da ajami, wadda ba ta wuce shafi biyu ba. Ta faɗi abin da ya shigo daga tarayya da na cikin gida, abin da aka kashe kan tsaro da lafiya da ruwa da hanya, da abin da aka yi alkawari bai samu ba da dalilinsa. A manna ta a sakatariya da bakin kasuwa da cibiyoyin lafiya. Kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa a gaban dagaci ya karanta musu, ya amsa tambaya. Al'ummar da ƙidayar 2006 ta nuna ta haura mutum dubu 160, ta wuce a ce labarin dukiyarta sai a majalisar mai shayi.

Mu ma da namu kason. Babu hukumar da ta kai makarantar firamare shiga lungu, kuma kowace tana da bango da allo da kwamitin iyaye. Idan takardar ta fito, za mu manna ta, mu karanta wa iyayen da ba su iya karatu ba. Kafin nan, muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe na gaba da abu biyu a rubuce: adadin yaran da suka daina zuwa aji a wannan zango saboda jinyar wani a gida, da adadin waɗanda sai sun tsallaka ruwa kafin su iso makaranta. Da waɗannan alƙaluma za mu nemi ganin majalisar ƙaramar hukuma.