Waiwaye: Shekarar da Na Koyi Ƙididdiga a Gindin Gawo

Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ya san gadar Kwalkwalawa, wadda ake hayewa kafin a kai mazaunin jami'ar na dindindin a Dundaye. Ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta na gulbin Rima ne, kuma wani sashe nasa daga wajenmu yake tasowa, domin Gagare da ta ratsa Ƙaura Namoda da Bunsuru da ta biyo ta ƙasar Zurmi duk a cikinsa suke zubawa. Shi ya sa kullum na hau gadar nan sai in leƙa ruwan, in ji kamar na gaisa da mutanen garinmu Badarawa. Rana ɗaya ce tak na haye ta kaina a sunkuye, wato ranar da sakamako ya fito a farkon 2022, na ga na faɗi darasin ƙididdiga.

Mai karatu zai iya cewa kariyoba guda ba abin tashin hankali ba ne. Gaskiya ne, amma sai an san kuɗin da aka biya ta da shi. Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma ni na fara taka jami'a, ina karanta aikin gona. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako saboda matsalar 'yan bindiga. A cikin wannan ƙunci Baba ya buɗe rumbu ya sayar da gero a ƙofar gida, a farashin da mai saye ya ga dama, Inna kuma ta saki tunkiyarta. Hannun wani direba aka damƙa kuɗin ya kawo mini Sakkwato, ba tare da na ji muryar kowa ba. Wannan gumin na gani a kan takardar sakamakon, shi ya hana ni ɗaga kai.

Laifin faɗuwar nan nawa ne. Na fito daga sakandare ina cikin na gaba-gaba a aji, ga shi na tashi da hauya a hannu, sai na ɗauka aikin gona gadona ne, ba wanda zai koya mini. Da aka zo lissafin bambanci tsakanin amfanin gona da gona, da yadda ake tsara gwaji, kaina ya ɗaure. Maimakon in ɗaga hannu a lakca, sai kunya ta rufe mini baki, kada 'yan birni su ce ɗan ƙauye bai gane ba. 'Yan ajinmu na haɗuwa tutoriyal da yamma, ni kuwa ina ɗaki ina haddace ƙa'idojin lissafi kamar karatun allo, ban san me suke nufi ba. Ranar jarrabawa aka juya tambayar, haddar ta watse.

Ina cikin wannan damuwa, ranar 14 ga Fabrairu 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aikin gargaɗi na mako huɗu. Muka tattara 'yan kayanmu muna cewa sai bayan wata guda. Direbobi na gudun dajin Gundumi a lokacin, saboda haka ta Talata Mafara da Gusau da Ƙaura Namoda na zagayo gida. Babu wanda ya zaci za mu yi azumi a gida, mu yi Sallah ƙarama da babba, mu yi shuka har mu yi girbi kafin a sake buɗe aji.

Da na isa, bayan an gaisa, Baba ya ce, "Karatu lahiya?" Na ce, "Lahiya lau, Baba." Waɗannan kalmomi uku su suka zame mini dutse a ƙirji har kusan wata uku. Duk dattijon da ya sa mini albarka a ƙofar masallaci, sai in ji kamar na karɓi abin da ba nawa ba. Inna, wadda alkunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunana, ta lura ba na cinye tuwon buɗa baki. Ba ta tambaye ni ba. Sai dai ta riƙa aiko ƙanwata da fura tana cewa, "Kai wa yayanku." Wannan shiru nata ya fi mini faɗa zafi.

Ranar da ruwan shuka ya sauka muka fita gonar bayan gari, domin manyan gonakinmu na nesa sun daɗe da gagarar zuwa. Baba na gaba yana sara, ina biye ina zuba iri ina takewa. Da muka kai ƙarshen gona muka zauna a gindin gawo, sai na tattara ƙarfin halina na ce, "Baba, akwai maganar da na ɓoye muku. Na faɗi darasi ɗaya, sai na maimaita shi." Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ce, "Da ka hwaɗa min tun ranar da ka zo, da mun raba kayan biyu. Wanga karatu da ya kada ka, mi yake koyarwa?"

Na yi ta kame-kame kafin na iya ce masa yana koyar da yadda mutum zai gane ko wata dabarar noma ta fi wata da gaske, ko kuwa sa'a ce kawai. Ya ce, "To ai ga ƙasa." Nan take ya yanka mini gayauna a gefen gandu, ya ce in gwada abin da aka koya mini, shi ma yana son ya gani.

A daminar nan takin zamani ya yi tsadar da ba a saba gani ba, bayan yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a watan Fabrairu ya girgiza kasuwar taki ta duniya. Buhu ya fi ƙarfin yawancin manoman garinmu, sai dai a auna a kwano. Na tuna da wata dabara da masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore, kusa da Yamai a Nijar, suka yaɗa a tsakanin manoman gero: a maimakon a watsa taki ko'ina, a zuba cikin murfin kwalba ɗaya, kimanin giram 6, a gindin kowace shuka. Na yanke shawarar raba gayaunar gida uku: wani sashe takin gida, wani murfin kwalba, wani kuma a bar shi haka nan.

Ina cikin kafa turaku Baba ya zo ya tsaya a kaina. Ya ga na ware ɓangaren da ke kusa da gawo don takin murfin kwalba. Ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, in ka zuba takinka nan, aikin gawo za ka gode wa taki. Ƙasar gindin gawo ko ba ka ba ta komi ba tana bayarwa. Ta can bakin hanya kuwa jigawa ce, ko mi ka zuba mata shanyewa takai." Kowane manomi ya san gawo na kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, da rani kuma dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar taki. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne, maganar nan ta Baba ita ce ainihin babin da ya kayar da ni. Da dare na buɗe littafina a hasken fitila, sai ga shi a rubuce: a raba gona gwargwadon kamannin ƙasarta, a maimaita kowace dabara a kowane yanki, a kuma bar ƙuri'a ta zaɓi wurin kowace.

Washegari na sake tsari. Na yanka filaye 12, yanki huɗu daga gindin gawo zuwa bakin hanya, kowane yanki da dabarun nan uku. Na rubuta su a 'yan takardu na zuba cikin hula, ƙanwata ta riƙa zarowa. Daga baya na karanta cewa ilimin da nake tsoro a gona aka raine shi. A 1919 aka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ake gwajin taki a gonar alkama tun 1843, kuma daga lissafin amfanin irin waɗannan filaye ya fitar da ƙa'idojin da muke karantawa yau. Abin da babba ya hango yana zaune, ni sai da na hau rimin jami'a na sauko sannan na gan shi.

Kada in sa mai karatu ya ɗauka damina ce ta jin daɗi. Mun yi noman firi da maimai ido ɗaya a kan hauya, ɗaya a bakin daji. Akwai daren da muka kwana zaune muna jin harbi daga nesa, da safe mata da yara suka shigo gari da ƙullin kaya a ka. Ƙauyuka da dama a ƙasar Shinkafi da Zurmi sai sun tara kuɗi sun bai wa 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu. Duk lokacin da rediyo ya ce an sake tsawaita yajin aiki, sai gwiwata ta yi sanyi. Wani abokina da muka shiga jami'a tare ya tafi kudu neman kuɗi a waɗannan watanni, kuma bai sake komawa aji ba. Har yau ina jin ciwon rashinsa, domin ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Abin da ya riƙe ni shi ne ɗan littafin da nake rubuta ranar ruwa, da tsawon kara, da inda ƙuduji ya ɓullo. Kowace safiya ina da abin da zan je in auna.

Da kaka ta yi muka girbe kowane fili daban, muka ɗaure dammansa daban, Inna da ƙannena suka sussuke, na auna da tiya. Filayen murfin kwalba da na takin gida sun fi waɗanda aka bari haka nan a kowane yanki. Amma yankin gindin gawo ya fi sauran gaba ɗaya, har filinsa da bai sami komai ba. Da na bi tsarina na farko, da na koma makaranta da ƙarya a cikin jaka ina kiranta bincike. Damina ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba, kuma wannan ma darasin ne ya koya mini. Ranar da na zauna na yi lissafin da hannuna, na ga kowace lamba tana da fuskar fili da na sani, farin cikin da na ji ya fi na ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka jami'a.

Ranar 14 ga Oktoba 2022 aka janye yajin aikin, bayan wata takwas cif. Na koma Sakkwato da rabin buhun gero da wake da ƙuli-ƙuli. Abu na farko da na yi shi ne na sami wani ɗan ajinmu, mutumin Ilori, wanda kowa ya san ya iya lissafi, na ce masa, "Ɗan'uwa, na faɗi darasin nan, ka taimake ni." Bai yi mini dariya ba. Ya matsa mini a kan benci. Shi yana warware mini lissafi, ni ina bayyana masa abin da huɗa da binne suke nufi, domin bai taɓa riƙe galma ba. Ashe abin da na yi ta ɓoyewa, ƙauyancina, shi ne jarina a wannan aji.

Sai ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. Ɗalibi na da kuɗi a banki amma ba shi da na ƙosai, masu POS kuma sai an biya su da tsada kafin su ba da tsaba. A waɗannan makonni geron gayaunata da waken Inna suka ciyar da ɗakinmu. Mu huɗu muka haɗa tukunya, wannan ya kawo manja, wancan garin kwaki. Aka kuma sake rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris saboda babban zaɓe. Wannan karon da littattafaina na tafi gida, kuma da Baba ya ce, "Karatu lahiya?" na zauna na ba shi labari dalla-dalla, da mai daɗi da marar daɗi.

Ga ƙannena da ke shirin shiga jami'a daga Badarawa, ko Kware, ko Jangeru, ko Zurmi, ko masu karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ga abin da na tsinta a waccan shekarar. Faɗuwa tana da magani, sai dai maganin ba ya isa ga wanda ya lulluɓe ciwonsa. Wata uku na yi ina ɗauke da kayan da mahaifina ya sauke mini da magana ɗaya. Iyayen da suka buɗe rumbu saboda karatunku sun fi cancantar jin gaskiya da kowa, kuma sun fi ƙarfin zuciya fiye da yadda kuke zato, domin sun sha ganin fari ya cinye shuka, suka sake fita da iri. Matambayi ba ya ɓata. Ku ɗaga hannu a aji ko da muryarku na rawa. In kuma an rufe makaranta, ku nemi inda karatunku ya taɓa rayuwar gidanku, ku sa hannu a wurin. Mai karanta lissafin kuɗi ya riƙe wa Inna littafin adashe, mai karanta kiwon lafiya ya leƙa asibitin garinsu ya taimaka.

Da zangon darasin ya zagayo na sake zama jarrabawar, na kuma ci da kyau. Ranar da na ga sakamakon na hau mota zuwa cikin gari, da muka kai Kwalkwalawa na leƙa ruwan Rima na daɗe ina kallo. Na kira Baba na shaida masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah shi yi albarka." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ƙara da cewa, "Gayaunarka tana nan. Ka ce damina guda ba ta isa ba, to sai ka zo mu sake aunawa."