Kada Mu Jona Iyafis a Bayan Amfilifaya

’Yan uwa ɗalibai, wasunmu suna ganin duk na’urar da ke fitar da sauti za a iya jona mata iyafis. Mu dai ba mu yarda ba, musamman tsohuwar amfilifaya mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da ke yin ja idan sun ɗau zafi.

Don lasifika aka ƙera ta, tana tura wat da yawa. Shi kuwa iyafis, kashi 1 cikin 100 na wat ya ishe shi cika kunne. Ana ƙara murya kaɗan, siririyar wayar cikinsa sai ta ƙone. Ita ma amfilifayar, idan aka cire lasifika aka bar ta tana aiki, taransifomarta na iya lalacewa. Shi ya sa masu gyara ke sa rizisto mai om 8 a madadin lasifikar, da wasu masu rage ƙarfi.

Kunnen ne ya fi damun mu. Iyafis ana sayen wani, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Muna roƙon malamanmu na kimiyya su nuna mana wannan haɗin a aji, kafin wani ya gwada da kunnensa.