Jan Kunne Ga Masu Sayar Da Littattafai A Zuru

Yau za mu taɓa hajar littafi, don masu tebur da yawa na cin uwar kuɗinsu ba su sani ba.

Ku sani, kuɗin littafi na bin kuɗin takarda, takarda kuwa na bin dala. Masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun daɗe da durƙushewa, yawancin takardar da maɗaba'u ke aiki da ita daga waje ake shigo da ita. Da aka karya darajar naira a 1986 littafi ya yi tsada, haka kuma da aka sake ta a 2023. To, wanda ya saro kwali a Kano, ya sayar bisa tsohon farashi, in ya koma sari sai ya ga kuɗin ba su cika kwalin ba. Ka sa farashi bisa sarin gobe, ka haɗa da kuɗin mota, ba bisa sarin jiya ba.

Na biyu, a duba irin hajar. A da kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ke riƙe da littafin Hausa. Daga shekarun 1980 marubutan Kano suka shiga buga nasu da kuɗinsu, littattafan soyayya suka cika tebura, har haya ake ba da su. Yanzu wannan ciniki ya koma waya. Marubuciya na sayar da labarinta ta WhatsApp, wasu na saurare a YouTube. Wanda ya jibge su, kwantai za su yi masa.

Abin da waya ba ta cinye ba shi ne littafin makaranta da na addini: Ahalari, Ishmawi, Risala, Alƙur'ani, da Littafi Mai Tsarki, tunda Zuru gari ne na Musulmi da Kirista. Na makaranta a saro shi kafin komawar yara a watan Satumba, bayan an ga takardar da makarantu suka bayar.

A guji bugun sata komai arharsa. Takardarsa shara-shara ce, zango ɗaya ta yage, uban yaro kuma ba zai sake zuwa teburinka ba. Araha ba ta ado.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.