Wasan da Aka Yanka: Da Mai Wuƙa da Mai Riƙe Ƙafa

Jama'ar Sabo! Akwai wata ɗabi'a ta masu gidajen talabijin da ya kamata a fito a faɗa musu gaskiya a kanta. Sai su kawo wasa mai daɗi, mai salo na daban, mutane su saba da shi, rana ɗaya su datse shi a tsakiya ba ko sallama. In ka tambaya su ce wai ba ya kawo kuɗi. Ni ɗan kasuwa ne, na san ba a yin sana'a don asara. Amma na kuma san wanda ya ɓoye hajarsa a ƙuryar shago ba shi da bakin cewa kasuwa ta ƙi.

Ga misali daga Amurka, inda abin ya fi ƙamari. A 2002 tashar Fox ta fara nuna wani wasa mai suna Firefly, na Joss Whedon. Wasa ne mai ban mamaki: mutane na yawo a jirgin sararin samaniya, amma in sun sauka sai ka ga dawakai da shanu, in ransu ya ɓaci su yi zagi da Sinanci. An shirya kashi 14. Me tashar ta yi? Ta ajiye shi daren Juma'a, lokacin da matasa ba sa gida. Ta hautsina jerin, har kashin farko, wanda ke gabatar da mutanen labarin, shi ta nuna a ƙarshe. Kashi 11 kawai aka nuna, a watan Disamba aka rufe. Haba jama'a! Ka ba mutum littafi daga tsakiya, sannan ka ce ba ya son karatu? Da wasan ya fito a faifan DVD sai aka yi ta saye, har kamfanin Universal ya yi fim ɗinsa, Serenity, a 2005. Ashe haja ba ta da laifi, mai shago ne bai iya kasa kaya ba.

To amma kada mu tsaya nan, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2007 tashar CBS ta soke wasan Jericho. Masu kallo suka fusata, suka yi ta aika gyaɗa ofishin tashar har wajen tan 20. Tashar ta ji kunya, ta dawo da shi kashi 7 a 2008. Masu kallo ba su ƙaru ba, aka sake rufe shi. Kun ga darasin? Hayaniya tana iya tayar da wasa, amma ba ta ciyar da shi.

Nan maganar ta zo gida. Mu da muka tashi da Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da Karkuzu na Bodara, mun san abin da wasan Hausa yake yi wa wanda ke zaune nesa da Arewa. A unguwar nan yaro yana tashi da Yarabanci a waje, Turanci a makaranta, Hausar sai a tsakar gida. Wasan nan da ake haɗuwa a kalla bayan isha'i, a nan yake jin karin magana da yadda ake gaida manya.

Yau wasannin Hausa masu dogon zango da talla suke rayuwa, ko a tasha irin Arewa24, ko a YouTube inda ake ƙirga masu kallo. Mu kuma me muke yi? Sai mu miƙa waya ga mai turi a bakin titi, ya zuba mana wasa goma a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Wanda ya rubuta, ya ɗauki 'yan wasa, ya biya hayar kyamara da man janareto, ko sisi bai gani ba. Ranar da wasan ya tsaya, mu ne kan gaba wajen cewa hassada ce, ko an yi masa asiri. Babu wani asiri, wallahi. Haƙƙin mutane muka ci.

Wani zai ce data ta yi tsada. Gaskiya ne. Amma wanda ya kwana yana kallon TikTok bai isa ya kawo mini wannan uzuri ba. Wani kuma zai ce ai wasannin nan shirme ne, gara su mutu. Akwai na banza, ban musa ba. Sai dai in na kirki ya mutu, yaranmu ba daina kallo za su yi ba, na wasu za su koma.

Saboda haka masu tasha su ji tsoron Allah: in za ku rufe wasa, ku bar marubuci ya ƙarasa labarinsa, don alkawari kuka ɗauka da mai kallo. 'Yan canji da dillalan shanu da na goro, ku da kuke da hali, ku sa tallanku a wasan da iyalinku ke kallo. Sauranmu kuma mu kalla a shafin mai shi. Allah Ya sa mu gane, Ya bar mu da zumunci.