ZANGO-ZANGO: Daga Sabon Badun Zuwa Ojoo

A ƙasar Sin akwai wata tsohuwar hanyar fatake wadda ta tashi daga lardin Yunan ta hau duwatsu har Tibet, ana kai ganyen shayi a sayo dawaki. Yau ƙauyukan da ke bakinta sun zama wuraren ziyara, ana gyara tsofaffin masaukai ana nuna wa baƙi. Bahaushe ma yana da irin wannan hanya, sai dai abin da ya yi wa ɗamara shi ne goro. Wanda ke son ganin inda ta ɓulle, to ya nufi Badun.

Matafiyin da ya fito daga Arewa ta Ilori da Oyo, Ojoo ce za ta fara tarbarsa. Manyan motoci jere a bakin titi, ga masu shayi sun kafa tebura, ga Hausa tana tashi ta kowace kusurwa kamar mutum yana Fagge. Amma a nan bai iso tushe ba tukuna. Sai ya ƙara gaba cikin gari zuwa Mokola, inda tsohuwar unguwar Sabo take, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, zamanin Turawa. Kafin nan cikin gari suke zaune tare da Yarabawa.

Me ya kawo su? A ƙarni na 19 goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga dazukan Asante yake fitowa. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, su ratsa Bargu, su bi Yandi har Salaga ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a cikinta. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874 sai kasuwar Salaga ta soma ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta. Ana cikin haka manoman ƙasar Yarabawa suka shiga dashen irin wannan goro a wajajen Agege da Ota da Shagamu. Har yau sunan da suke kiransa da shi ke nan, "gbanja", watau dai Gwanja ce ta bi shi har gona. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. Shi ke nan, hanyar da ta saba nufar yamma ta karkato kudu, huhu ya sauka daga bayan jaki ya hau tarago.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a duba a Sabo shi ne gidajen fatoma. Goro ɗan lele ne. In ba a juya shi ana sake masa ganye ba, ko dai ya bushe ko sankara ta cinye shi, ga shi kuma farashinsa a Arewa yana hawa da sauka kamar guga. Mai kuɗi yana Kano, kaya suna Kurmi, tsakaninsu tafiyar kwanaki, babu banki babu takardar shari'a. Fatoma shi ne ya cike wannan giɓi. Shi ke ba baƙo ɗaki da tuwo, ya ajiye masa dukiya, ya tura yaransa ƙauyuka su sayo, a ɗaure a loda. Haka kuma ta fuskar shanu: mahaucin Bayarabe ya karɓi sa bashi, maigida ya tsaya masa, in ya gudu maigida ya biya daga aljihunsa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, lokacin mutanenta ba su wuce dubu huɗu da 'yan kai ba, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari. Ya nuna cewa har shigar mutanen Sabo ɗarikar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, da tsai da Juma'arsu ta kansu, sun ƙara ɗaure amanar da ke riƙe da cinikin. Abin takaici, littafin ya fi samuwa a jami'o'in Turai bisa ga hannun jikokin waɗanda aka rubuta shi a kansu.

Yau wanda ya shiga Sabo, 'yan canji da masu tsire zai fara gani. Mota ta karɓe kaya daga jirgi, zango kuwa hanya yake bi, don haka nauyin ciniki ya gangara arewacin gari: Ojoo, da kasuwar Sasa ta tumatir da albasa, da karar shanu ta Akinyele. Sai dai sabon zangon ya fi tsohon yawan jama'a da gaggawa. Direba ya sauke kaya ya juya, ɗan dako ya zo ci-rani ya koma, ba kowa ke da maigidan da zai tsaya masa ba. A watan Fabrairu na 2021 wata 'yar taƙaddama a Sasa ta zama tarzoma, aka rasa rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje, har gwamnoni daga Arewa suka zo suka zauna da Gwamna Seyi Makinde. Bayan haka dillalan abinci da na shanu suka tsai da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki, kowane ɓangare ya ji a jikinsa.

Dattawan da suka yi yaranta a zaurukan fatoma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin gidajen kuma ana mai da su shaguna. Mai ziyara da ke son jin yadda ake gane daushe, ko yadda ake ƙirga ƙwarya ɗari-ɗari a cika huhu, ya je da hantsi, bayan an sha shayi, ya kuma riƙe goronsa na gaisuwa.